An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk sanda likitoci masu neman ƙwarewa suka ajiye aiki, akwai karatun da muke maimaitawa a majalisunmu na Sakkwato, daga Ƙofar Kware har Runjin Sambo, kamar a allo ɗaya aka biya mana shi. Wai sun ci amanar rantsuwar da suka yi. Wai ba su san komai ba sai kuɗi. Wai talaka ne ya biya musu karatu, da suka ƙoshi sai suka juya masa baya suna zawarcin Ingila da Saudiyya. Na ji wannan a bakin dattawan da nake jin nauyinsu, na ji shi a bakin 'yan boko irina, kuma ina ganin akasarinsa zalunci ne. Mun samu wanda ya fi kowa sauƙin zagi a cikin asibiti, mun ɗora masa laifin waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba.

Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu san ko shi wane ne. Da yawanmu mun ɗauka likita mai neman ƙwarewa ɗalibi ne da ke koyon aiki a jikin marasa lafiya. Cikakken likita ne mai lasisi. Ya yi shekara 6 a jami'a, in yajin aikin malamai bai ƙara masa ba, kuma kowa ya san abin da 2020 da 2022 suka yi wa ɗalibai. Ya yi shekara 1 yana sanin makamar aiki a asibiti, ya yi wata shekarar a hidimar ƙasa. Sannan ya zauna jarabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976. In ya ci, sai ya shiga neman gurbi a asibitin koyarwa, abin da kan ci shekaru. In ya samu, ya yi aƙalla shekara 2 a matakin ƙasa, ya zauna jarabawa ta farko. In ya haye, ya ƙara kimanin shekara 3 a matakin sama, ya yi bincike, ya rubuta kundi, ya kāre shi a gaban manya. Sau biyu kacal ake jarabawar a shekara. Wanda ya faɗi sai ya jira wata shida. Ka lissafa da kanka. Yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 zai zama babban likita ne bayan ya haura 30 da 'yan kai, in komai ya tafi daidai. A ƙasar nan kuwa yaushe komai ya taɓa tafiya daidai?

Na zaɓi in yi magana a kan sashen da 'yan asibiti ke kira medisin, wato na cututtukan cikin jikin manya da ba a yi musu tiyata, domin nan ne ƙarshen yawancinmu. Hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, ciwon hanta, kumburin zuciya, tarin fuka, sanƙarau: duk nan ake kai su. Aiki ne da ba shi da armashi a idon jama'a. Likitan tiyata yakan fito ya ce an yi nasara, dangi su yi kabbara. Likitan medisin kuwa aikinsa lura ne da lissafi: a ƙara wannan magani ko a rage, fitsarin da mara lafiya ya yi tun safe ya kai nawa, me ya sa numfashinsa ya canja tun bayan isha'i. Kuskurensa ba ya zubar da jini a ƙasa kowa ya gani. Lamba ɗaya ce za ta goce a takarda, mutum ya wayi gari babu rai, a ce kwana ne ya ƙare.

Ƙofarmu ta samu sunanta ne daga hanyar da ta nufi Kware, ta wuce Gwadabawa da Illela har Birnin Ƙonni. Duk wanda ya san wannan hanya ya san irin mutanen da ake ɗaukowa daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama. Haka ake kawo su daga Kabi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar. Ba sa zuwa da wuri. Sai an gama da mai kemis, an gama da jiƙo, an sayar da akuya, sannan a iso da tsoho ƙafafu sun kumbura, ba ya iya kwanciya. In suka iso da ƙarfe uku na dare, ba farfesa ne zai tarbe su ba. Wannan matashin ne, ko matashiyar, da muke zagi a majalisa. Babban likita yana zagayen gadaje, yana koyarwa, ana kiransa a waya in abu ya gagara, amma wanda ke kwana da mara lafiya, ya sa masa allurar ruwa, ya bi sakamakon gwaji, ya tsaya gaban dangi ya faɗa musu abin da ba sa son ji, shi ne mai neman ƙwarewa. Shi ya sa in sun janye, asibitin koyarwa ke durƙushewa cikin kwana biyu.

To a nan ne tambayar da ba ma yi take. Yaya aka yi asibitin da ke ɗauke da jihohi uku ya rataya a wuyan mutanen da a takarda sunansu masu koyo?

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma akwai ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani: in ka gina tsarin da faɗuwar na'ura ɗaya za ta tsayar da komai, ranar da ta faɗi ba na'urar ake tuhuma ba, wanda ya zana tsarin ake kira. Muna auna nauyin da kowace na'ura ke ɗauka dare da rana, in ta kusa cika a ƙara wata, domin mun san ƙarfe ma yana gajiya. Kamfanin da ke tura kuɗi ta waya ba zai yarda injinsa ya yi aiki fiye da ƙarfinsa ba. Mu kuwa mun yarda ɗan Adam ya shiga aiki da safiyar Litinin, ya kwana a tsaye, ya zarce da zagayen gadaje da ɗakin ganin likita ranar Talata, sannan mu miƙa masa mahaifiyarmu ya lissafa mata insulin.

Kada wani ya ce wannan tausayi ne kawai. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ba barci, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa kan ragu kamar na wanda ya sha barasa; in ya kai awa 24, ya zarce ma'aunin da ƙasashe da dama ke hana mutum tuƙi a kansa. A 2004 wani bincike a ɗakunan kulawa ta musamman a birnin Boston ya gano cewa sababbin likitocin da ke yin doguwar kwana sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin ɗari a kan lokacin da aka rage musu awanni. Ba za mu hau motar direban da ya kwana biyu bai runtsa ba daga Sakkwato zuwa Kano. Me ya sa muke ganin ƙwaƙwalwar likita daban take da ta direba?

Waɗanda suka ƙirƙiro wannan tsari ma sun daɗe da gyara shi. A asibitin Johns Hopkins na Amurka aka faro shi wajajen 1889, a hannun su William Osler, lokacin da matasan likitoci ke zaune a cikin asibitin dare da rana, akasarinsu ba aure ba iyali. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York a hannun matasan likitocin da aiki ya yi wa yawa. Mahaifinta bai ce ƙaddara ce ya koma gida ba. Ya tayar da ƙura har jihar ta kafa doka a 1989, kuma a 2003 aka ƙayyade awa 80 a mako ga duk masu neman ƙwarewa a Amurka. Turai ta sauko har awa 48 a 2009. Gaskiya ne har yau suna muhawara, domin yawan miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu shi ma yana da haɗarinsa, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a 2019, a sashen medisin ɗin nan, bai ga ƙarin mace-mace ba da aka sassauta tsawon kwana. Amma ko a wannan gwajin ba a taɓa iyakar awa 80 ba. Su suna gardama a kan inda za a ja layi. A wajenmu sai a 2025 ne ƙungiyar likitocin, NARD, ta umarci 'ya'yanta da kansu kada su ƙara wuce awa 24 a jere. Abin da ya kamata hukuma ta shimfiɗa tun shekaru don kāre majinyaci, ma'aikaci ne ya ƙwace shi da hannunsa.

Ga kuma batun kuɗi, tunda shi muka fi so mu jefe su da shi. Wannan horo ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin jarabawa, akwai kwasa-kwasan dole, akwai tafiya Legas ko Ibadan ko Abuja da masauki, kuma daga nan zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita dubu a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Don haka aka yi Dokar Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta 2017, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, da asusun da zai riƙa ɗaukar wannan nauyi. Duba jerin buƙatun kowane yajin aiki tun daga lokacin, za ka tarar da biyan kuɗin wannan asusu a ciki. Wato doka ta ce a ba su, su kuma sai sun rufe asibiti kafin a tuna. Alawus ɗin haɗari kuwa naira 5,000 ne a wata, shekara da shekaru. A Janairun 2020 zazzaɓin Lasa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, korona ta biyo baya, amma sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 32,000 da 40,000, kuma faɗuwar naira ta cinye ƙarin tun kafin a saba da shi. Wanda ya ce a biya shi haƙƙin da doka ta rubuta masa, shi ne mai kwaɗayi?

Yanzu mu duba yadda masu mulki suka amsa. A Afrilun 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce likitoci sun yi mana yawa, duk mai son tafiya ya tafi. A Agustan 2021 likitocin suka shiga yajin aikin da ya kai wata biyu. Gwamnati ta kai su kotun ma'aikata, ta ce ba aiki ba albashi. A cikin wannan watan ne masu ɗaukar ma'aikata don Saudiyya suka buɗe tantancewa a wani otal a Abuja, likitoci suka yi cincirindo. A Afrilun 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara 5 yana aiki a gida, har ya tsallake karatu na biyu. Sai a 2024 ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya faɗi lissafin: likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisi a ƙasar, kuma tsakanin 15,000 da 16,000 sun fice cikin shekara 5. Ka raba mutum fiye da miliyan 200 da wannan adadi, za ka samu likita ɗaya ga kusan mutum 4,000, kuma kaso mai tsoka na waɗanda suka rage suna Legas da Abuja. Cikin shekara 4 an tashi daga sun yi yawa zuwa a ɗaure su kada su gudu. Rufin ɗaki na yoyo, maigida ya ce maganin shi ne a kulle ƙofa kada masu haya su fita.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ramin ke ƙara zurfi da kansa. In mutum biyu suka bar sashen da ke da mutum goma, kwanan da suke yi ba ya bin su jirgi. A kan takwas ɗin da suka rage yake faɗawa. Su ma su gaji, biyu su ƙara tafiya. Asibitin tarayya kuma ba ya iya maye gurbi nan take, sai ya jira sahalewa daga Abuja. Shi ya sa a yajin aikin Yulin 2023 ɗaya daga cikin manyan buƙatun shi ne a bar asibiti ya ɗauki mutum ɗaya a madadin duk wanda ya tafi. Ka lura da kyau: wannan ba buƙatar aljihu ba ce. Suna roƙo ne a kawo musu abokan aiki.

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba, kuma ba zan yi kamar ba shi da hujja ba. Yajin aiki yana kashe mutane. Mai kuɗi yana da asibitin kuɗi, yana da Masar da Indiya; wanda aka kawo daga Gwadabawa a bayan a-kori-kura ba shi da kowa sai Allah. Duk likitan da ya ce wannan bai dame shi ba ya rasa wani abu da ya fi lasisi. Haka nan gaskiya ne da dukiyar jama'a aka sauƙaƙa karatun likita a jami'o'in gwamnati, kuma al'umma na da haƙƙi a kan wanda ta ilimantar. Akwai kuma likitocin da ke yi wa mai jinya tsawa kamar bawansu, kuma gajiya ba ta halatta wulaƙanci. Amma mu bi hujjar har ƙarshenta. In mun kashe dukiya mun horar da mutum shekara 13, hankali ya ce mu riƙe shi da kyau. Manomin da ya yi kiwon sa shekara uku ba ya barinsa da yunwa a ranar huɗa. Kuma mutanen da ke mutuwa a makonnin yajin aiki muna ƙirga su, muna yaɗa hotunansu a Facebook. Waɗanda ke mutuwa sauran watannin shekara saboda likita ɗaya ne a kan gadaje masu yawa, wa yake ƙirga su?

Akwai magana kuma ga manyan likitoci, cikin girmamawa. Kalmar nan ta "mu ma haka muka sha" ta isa haka. Wahalar da kuka sha ba gado ba ce da za a raba wa na baya. Horo daban, cin fuska a gaban majinyaci daban. Kundin da zai kwana wata da watanni a teburin mai dubawa, shekarun wani ne ke zubewa. Wanda ya koya a hannun mai tsawa, tsawa zai yi wa na ƙasa da shi, har ta iso kan tsohuwar da ba ta jin Turanci.

Me za mu rasa in suka ƙare? Ba hannuwa kawai ba, har da ilimin da ba a samunsa ko'ina sai nan. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. A Zariya aka fara bayyana shi sosai a shekarun 1970, aka alaƙanta shi da al'adun jego irin su kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Wani bincike da aka yi a nan Sakkwato, aka wallafa a 2007, ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a asibitin. Daga baya likitocin zuciya a Kano suka bi sawun ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin matan. Likitocin medisin ne suka yi wannan aiki, da kundaye irin waɗanda masu neman ƙwarewa ke rubutawa da tsakar dare. Babu wanda zai zauna a Landan ya damu da mai jego a Illela. In ɗanmu da ya san harshenta, ya san abin da kakarta ke dama mata, ya koma duba tsofaffin Manchester, tambayoyinmu za su zauna babu mai amsawa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A rubuta iyakar awannin aiki a doka, da hutun dole bayan kwana, a sa hukunci a kan asibiti in ya karya, ba a kan likita ba. Kowane asibitin koyarwa ya riƙa rubuta awannin da kowane likita ya yi, ya bayyana jimillar duk wata uku. Manhajar da za ta yi wannan, ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kwamfuta na jami'armu zai iya rubuta ta kafin hutun zango, abin da ya rage shi ne a so a ga lambar. A saki kuɗin horo a farkon shekara ba tare da an jira barazana ba. A bar shugaban asibiti ya maye gurbin wanda ya tafi. Gwamnonin Sakkwato da Kabi da Zamfara su ɗauki nauyin horon likitocinsu da yarjejeniyar da kowa zai cika nasa ɓangaren, maimakon gina sababbin asibitocin da za a yanke ƙyalle a bar su babu kowa. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba.

A 1824, da Bature Clapperton ya iso wannan birni, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zauna a ƙasarsa. Bello kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ya san darajar abin da yake nema. Bayan shekara 200, mu ne ke horar da likitoci muna aika wa Ingila, ba tare da ta roƙa ba, muna binsu da zagi har filin jirgi.

Saboda haka in aka sake shiga yajin aiki, kuma za a sake, kafin ka buɗe baki a majalisa ka tambayi ɗan majalisar da ka zaɓa: awa nawa likitan da zai duba mahaifiyarka yau da dare ya yi bai yi barci ba, kuma su nawa ne a sashen? In bai sani ba, ka gano wanda ya kamata ka yi wa faɗa.